Kwalliyar da Aka Yi wa Tsohuwar Bishiya

Moira Tapley ba mace ce mai sakin fuska ba, kuma ba ta taɓa neman a ce mata mai fara'a ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ta ba hamsin baya, gashinta fari a datse kamar wadda ta yi wa kanta aski da almakashin kicin, kuma ita ɗin ce take yi. A duk gundumar Hereford, in ka ga tsohuwar mota koriya a gefen shinge, taɓo har tagogi, to Moira na cikin filin tana ƙwanƙwasa jikin wata bishiya da gudumar roba ta kara kunne. Mutane ba su cika burge ta ba. Wanda ya fi ci mata tuwo a ƙwarya kuwa shi ne mutum mai son gyara abin da ba a ce ya gyara ba.

Aikinta duba bishiyoyi. Idan kamfani zai gina gidaje a wani fili, kafin katafila ta shiga sai an turo irinta ta bi itatuwan wurin ɗaya bayan ɗaya, ta auna, ta duba, ta faɗi wadda za a iya sarewa da wadda za a bari. Kamfanin ne ke ɗauko ta, amma rahotonta gaban ƙaramar hukuma yake zuwa, kuma kowa ya san abin da idonta bai gani ba hannunta ba ya rubutawa. A cikin bishiyoyin da ake bari akwai waɗanda masu sana'ar ke kira dattijai. Ba kyau ke ba bishiya wannan matsayi ba, ba kuma ƙoshin lafiya ba. Wahalar da ta sha ce ake dubawa: kogo a cikinta, busassun rassa a samanta, ramukan da tsuntsu da jemage ke kwana, naman kaza da ya fito a jikinta, da ruɓaɓɓen garin itace da ya taru a kogon, inda wasu ƙwari ke rayuwa waɗanda ba su da wani gida a duniya sai nan. Dattijuwa ana zagaye ta da fili mai faɗi da ba a yarda ko cebur ya taɓa ba, saboda saiwoyinta. Wadda take babba kawai, ɗan ƙaramin zobe ake ja mata a ce ta yi haƙuri.

Moira ta gaji aikin itace, amma ba ta gaji ra'ayin ubanta ba. Len Tapley shi ne likitan bishiya na wannan yankin a zamaninsa. In ya ga kogo sai ya ƙwaƙule shi tas, ya jera jan bulo a ciki, ya shafe da siminti, ya bi duk inda ya yanke reshe da baƙar kwalta. Haka ake yi a lokacin, kuma babu wanda ya kama ƙafarsa. Yana karkata shafen don ruwa ya zurare, sannan ya ja masa zane da bakin cokalin birkila har ya yi kama da ɓawo. Moira ta taso tana riƙe masa bokiti. Sai da ta girma ta fara riƙe zarton inji da kanta ta ga abin da ke bayan simintin: danshi ya maƙale, itace ya koma kunu. Ta tafi kwaleji, ta dawo ta ce masa aikin nan ba ya warkar da komai.

“Wato kin je makaranta kin koyo yadda ake tsayawa a kalli abu yana ruɓewa,” in ji Len. “Da kin tambaye ni, da na nuna miki malalatan da suka iya wannan tun ba a haife ki ba.”

Daga ranar maganar itace ta mutu a tsakaninsu. Yanzu Len ya tsufa tukuf, ɓarin jikinsa ya shanye, yana zaune a gidan kula da tsofaffi a Leominster. Duk Lahadi Moira takan je. Su yi zancen ruwan sama, su zagi miyar gidan, ta gyara masa bargo ta tafi. Tana ƙaunarsa, shi ma yana ƙaunarta, kuma ko a gaban alƙali ba wanda zai amsa.

A watan Oktoba aka tura ta ƙauyen Haddlecote, inda wani kamfani ke son gina gidaje a makiyayar da ke bayan coci. Hanyar shiga filin guda ce, kuma dole ta wuce kusa da wata tsohuwar bishiyar oak da ke jikin shinge. Ranar ana tsuga ruwa, ga wani bijimi a filin da bai ga dalilin barin kowa ya shiga ba. Moira ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗora madubin hangen nesa, sai daɗi ya kama ta. Bishiyar mummuna ce ta gidan gaba. Kanta ya bushe ya yi ƙaho-ƙaho, cikinta ya buɗe kamar ƙofar ɗaki, ga naman kaza faɗin faifai a gindinta, ga fararen kashin mujiya a bakin wani rami. Kaurinta dai bai kai a ba ta matsayi saboda girma kaɗai ba. Raunukanta ne shaidarta, kuma ga su nan birjik. In an tabbatar da ita dattijuwa, titin da kamfanin zai yi ba shi da wurin bi.

Nan ne bakinta ya kufce, abin da bai saba ba. Ta shiga kantin ƙauyen shan shayi, jikinta sharkaf, ranta fari. Wata mata mai suna Sheila Crouch, da ke taimakawa a kantin, ta tambaye ta ko da gaske za a sare musu bishiyarsu.

“Ban ce komai ba tukuna,” in ji Moira. “Zan dawo in an kwashe shanu in duba ta da kyau. Amma in ta ci jarrabawa, titin nan ba zai bi ta wurin ba.”

Ta faɗi haka a Haddlecote, ƙauyen da allunan gasar tsaftar ƙauyuka suka cika bangon ɗakin taronsa. Mu mutanen nan mun san halinmu. In aka ce alƙalan gasa za su zo, har allon hanya sai mun wanke da sabulu, mu aske ciyawar bakin kwalbati, mu ɓoye tsohuwar motar maƙwabci a bayan rumbu. Ba mu iya ganin abu a yadda Allah ya bar shi mu wuce ba. Mijin Sheila kuwa, Neville Crouch, shi ne shugaban kwamitin ceto bishiyar, kuma tsohon likitan haƙori ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa bai taɓa ganin rami ya ƙyale ba.

Ta dawo da safiyar wata Talata a tsakiyar Nuwamba. Tare da ita akwai wakilin kamfanin, Gareth Pym, mai laushin murya da takalman ruwan da ba su taɓa ganin taɓo ba. Tun daga ƙofar filin ta hango ƙananan tutoci a jikin shinge, da tebur mai farin mayafi, da filas-filas na shayi, da mutane cikin kayan zuwa coci. Sannan ta ga bishiyar, ta tsaya cak.

An yanke busassun rassan nan kaf, an bi kowane yanka da kwalta, baƙi ƙirin yana sheƙi. An kankare naman kazan. An tsige yaɗon da ya nannaɗe ta, an wanke ɓawon da injin feshin ruwa har ya yi fari-fari. Ƙananan ramukan an cusa musu wani abu an toshe. Babban kogon kuwa babu shi, siminti ne a wurin daga ƙasa har sama da kan mutum. An aske ciyawar gindin, an dasa furanni a zagaye, an kafa benci.

“Malama Tapley! Sannu da zuwa,” in ji Neville, ya taho yana murza hannu. Dogo ne siriri, haƙoransa reras. “Ya kika gan ta? Ai ba za ki gane ta ba. Da kin ga yadda take da, abin kunya ne. Muka ce ina, ba za mu bari a zo dubawa a same ta haka ba.”

“Ina rassan?” Muryarta a ƙasa take.

“Rassan? Ai sun yi amfani. Daren wasan wuta da su muka haɗa wutar ƙauye. Busassu ƙayau, ci suke kamar takarda. Yara har dankali suka gasa.”

“Abin da ke cikin kogon fa?”

“Wai ƙazantar nan?” Sheila ta karɓe, tana miƙo mata kek a faranti. “Kai, baro nawa muka kwasa! Baƙi, ga wari. Na zuba wa furannina. Kuma cike yake da wasu gwazarma manya-manya, farare, kamar babban yatsana. Kajina sun yi biki, wallahi. Satin nan ƙwai har rabawa muka yi.”

“Mujiyar?”

“Ita da kanta ta tafi, ba wanda ya kore ta.”

Gareth Pym ya gutsuri kek ya ɗaga kai yana kallon bishiyar. “Ni dai ban san komai a kan itace ba,” ya ce a hankali, “amma gaskiya kun yi ƙoƙari.” Ya san komai sarai. Da kamfaninsa ne ya yi wannan aikin da hannunsa, da sunansa ya shiga jarida. Ga shi an yi masa kyauta, har da shayi.

Moira ta ajiye farantin. Ta ja numfashi, ta buɗe baki za ta wanke su tas, daga likitan haƙorin har kajin matarsa. Maganar na kan harshenta sai ta ji ƙarar ƙafar keke a kan ciyawa. Wata mata ta turo keken guragu daga bayan bishiyar. A ciki ubanta ne, cikin kwat ɗinsa na zuwa jana'iza da nektai, an taje masa gashi da ruwa, tsohon cokalin birkilansa a kan cinyarsa.

“Mun tambaya wa ya fi kowa sanin itace a yankin nan,” in ji Neville cike da alfahari, “kowa ya ce Len Tapley. Ashe ma mahaifinki ne! Kullum da safe nake zuwa in ɗauko shi, har muka gama. Shi ya nuna mana komai. Shafen ƙarshe ma da hannunsa ya yi.”

Len ya ɗago. Rabon da ta ga idonsa da wannan hasken tun kafin ciwon ya same shi. Kumatunsa sun yi ja saboda iska, har kamar ya ƙara ƙiba.

“To, malama mai takarda,” ya ce, bakinsa a ɗan karkace. “Zo ki duba. Ki duba da kyau, kar ki ji nauyina.”

Ta je. Ta ɗora tafin hannu a kan simintin. An karkata shi daidai yadda ruwa zai zurare. Daga ƙasa zuwa tsayin mutumin da ke zaune, an ja masa zanen nan mai kama da ɓawo, layin na ɗan rawa amma bai kauce ba. Da hannun hagu ya yi shi, hannun da ya rage masa. Mutanen ƙauye sun yi tsit da kofuna a hannu, suna jiran sakamako.

“Shafen ya yi, Baba,” in ji Moira. “Babu wanda ya iya shi kamar kai.”

Gaskiya ta faɗa, kuma ba ta taɓa jin ƙyamar wata magana da ta fito daga bakinta kamar wannan ba. Len ya kau da kai ya yi kamar yana gyara bargo. “Ai na daɗe da gaya miki,” ya ce. Jama'a suka tafa.

Duk da haka ta yi aikinta. Ta sa tsani ta hau, ta leƙa kowace gaɓa, ta ƙwanƙwasa, ta tona gindin da yatsa tana neman ko ɗan ɓurɓushin abin da ta hango a Oktoba. Haddlecote ba sa aiki rabi da rabi. Ko reshe guda busasshe ba su manta ba. Tana saman tsanin tana jin Sheila na tambayar ko wani zai ƙara madara.

Da aka mayar da Len mota, ta ja Neville gefe zuwa bakin ƙofar filin.

“Mista Crouch, kun kashe ta.”

Ya yi dariya, don ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskarta sai dariyar ta tsaya. “Amma gyara ta muka yi.”

“Abin da na zo dubawa shi kuka kwashe a baro. Ruɓar nan da kuka ji kunyarta, ita ce ke tsaye tsakanin bishiyar nan da katafila. Yanzu me zan nuna wa hukuma? Benci?”

Ya juya ya kalli bishiyar. Mutumin kirki ne, abin haushin ke nan. Da mugu ne da ta ji sauƙi. “To a fasa simintin mana. Gobe-goben nan sai in sa a fasa.”

“Siminti zai fita. Abin da kajin matarka suka ci fa, ta ina zai dawo? Wannan garin da kuka kira ƙazanta, tun kakanka bai zo duniya ba yake taruwa.”

“Ki rubuta yadda kika gan ta da farko. Ai kin gani.”

“Zan rubuta na hango daga bakin ƙofa, cikin ruwa, ta bayan bijimi. Zan kuma rubuta abin da na taras yau. Jami'in hukuma zai zo da idonsa, ba da nawa ba.” Ta ɗaga masa yatsa. “Abu guda nake so. Tsohon nan ba zai ji wannan maganar ba. Ko daga bakinka, ko na matarka, ko na limamin cocinku. In ya ji, ni da kai ne.”

Neville ya gyaɗa kai. Wannan kam an dace da mutane, don in dai yin shiru a kan abin kunya ne cikin ladabi, mu gwanaye ne.

Ta rubuta rahoton kamar yadda ta ce, ta yi iya faɗanta a ciki, har Gareth Pym ya kira ta a waya ya ce cikin ladabi ko za ta ɗan sassauta harshe. Ba ta sassauta ba, kuma bai yi amfani ba. Jami'in itatuwa na ƙaramar hukuma ya zo ya zagaya, ya ga babbar bishiya mai tsafta da siminti a ciki, ya ce ba zai iya kiranta dattijuwa ba. Aka ja mata ƙaramin zobe. Da bazara katafila ta shigo, ta yanke saiwoyin ɓangare guda, aka danne sauran da tsakuwa aka malala kwalta. Ba a sare ta ba. Kamfanin har hotonta ya sa a allon tallan gidajen.

Moira ta daina shan shayi a kantunan ƙauye. Yanzu da filas take yawo, kuma in wani ya leƙo ta kan shinge ya tambaye ta me take dubawa, sai ta ce bututun ruwa. Neville ya sauka daga shugabancin kwamiti, ya koma gyaran agogon coci. In sun haɗu yakan cire hula, ita kuma takan ɗaga masa haɓa, shi ke nan.

Abin da ya sauya shi ne Lahadi. Len ya daina zagin miya. Da ta shigo zai ce, “Yarinya, ɗauko kwat ɗina, mu je mu ga aikinmu.” Sai ta naɗe keken ta sa a bayan mota, su kama hanyar Haddlecote. A hanya yana ba ta labarin itatuwan da ya yi wa aiki, na gidan wane da na harabar coci kaza, maganar da suka yi shekara da shekaru ba su yi ba. Tana tuƙi tana cewa to. Wasu daga cikin itatuwan ita ta sa hannu aka sare su bayan sun ruɓe ta bayan siminti, amma ba ta faɗa.

Bara da rani suka je, rana ta fito, yara na wasa da kekuna a sabon titin. Ganyen bishiyar ya yi ƙanana, ya yi shara-shara, ana hango sama ta cikinsa. Ɓangaren da ke kan titi bai ma fitar da ganye ba. Moira ta san abin da take gani. Irin wannan ba tsufa ba ne, ba kogo zai zama ba, ba mujiya zai kawo ba. Ƙishirwa ce daga ƙasa, kuma ba ta da magani.

Len ya daɗe yana kallon sama, ya kare ido da hannun hagu. Sannan ya miƙa hannun ya shafa simintin, wanda ko tsaga bai yi ba.

“Namu dai yana nan daram,” ya ce. “Amma kin ga can sama? Sun fara bushewa. An bar ta babu mai kula. Ki gaya wa Crouch ya kawo tsani a yanke su, a shafa kwalta, kafin wani ya zo dubawa ya ce ba mu iya aiki ba.”

“To, Baba.”

“Kar ki ce to ki manta.”

“Ba zan manta ba.”

Ta gyara masa bargo, ta saki birkin keken. A da sai mutum biyu sun ɗaga shi kafin ya iso gindin bishiyar, saboda ciyawa da taɓo. Yanzu da hannu ɗaya ta tura shi, keken na tafiya sumul a kan kwaltar da aka shimfiɗa bisa saiwoyin.